Daddawar da Ta Tayar da Bene Guda

Zubaidatu mace ce mai hannu, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. In ta tuƙa tuwon shinkafa sai ka rantse a Gusau kake zaune, ba a Setapak ta birnin Kuala Lumpur ba. Ga tsabta, ga zafin nama, ga iya magana da mai saye. Aibinta ɗaya ne, amma babba: ba ta son a ce da hannun wani a cikin abinta. In ka ba ta shawara sai ta ga kamar rabon suna ka zo yi da ita. In ka tambaye ta yadda ta yi abu, sai ta yi dariya ta sako wani zancen. Ko gishiri ta ara wurin maƙwabciya, sai ta mayar kafin miyar ta tafasa, don kada gobe a ce an taimake ta.

Mijinta Mika'ilu karatu ne ya kawo shi, na digiri na uku. Ya tafi gida ke nan tattaro bayanan bincikensa sai korona ta sauka, aka rufe iyakoki, ya maƙale a Gusau. Ita kuwa ta zauna ita kaɗai a gidan hayarsu, can sama a wani dogon bene, tana dafa abinci 'yan babur suna zuwa suna kai wa ɗalibai. Mai gidan wani dattijo ne ɗan China, ba shi da yawan magana. Ya yarda ta yi girkin sayarwa, amma da sharaɗi ɗaya da ya maimaita mata har sau biyu: ranar da maƙwabci ya kai ƙararta wurin manajan bene, ranar za ta tattara kayanta. Wannan gida shi ne makwancinta, shi ne kuma kasuwarta. In ta rasa shi, ba ta da wani.

To, ba za a gane labarin nan ba sai an san layin.

Jerin shaguna ne a ƙasan benayen, gidan abincin mamak, wato Indiyawa Musulmi, a wannan baki, mai gyaran babur a wancan. Bahaushen da ya fara kafa tebur a wurin shi ne Alhaji Datti, tun zamanin da ɗalibai ke jeruwa sayen katin waya don su kira gida. Katin ya ci kasuwarsa, wayoyin zamani suka zo suka kashe shi. Alhaji bai zauna makoki ba, ya koma yanka wa mutane tikitin jirgi. Wannan ma kowa ya koyi yi wa kansa, sai ya koma aika kaya gida ta ruwa. A nan ne ya lura da wani abu: duk wanda ya shigo shagon, in ya gama zancen kaya sai ya ɓuge da zancen miya. Sai Alhaji ya sa aka buga masa kanta, ya jera kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kanwa da daddawa. Ko ɗaya ba ta ruwa take zuwa ba. A akwatin matafiya take zuwa. Duk ɗalibin da zai dawo daga hutu ya san Alhaji na da kusurwa a cikin akwatinsa, tsakanin littattafai da takalma.

Bayan Alhaji sai Ɗan'azumi tela, wanda ya fara da keke ɗaya a ƙarƙashin matakala, har ya kai Malayawa na kawo masa ɗinkin sallarsu. An yi wani mai aski da bai daɗe ba, don kallon ƙwallo ya fi damunsa da kan mutane. An yi mai kitso da ta tara abin da ta tara ta wuce Dubai. Sannan ga Iya Daso, tsohuwar da ta zo wankan jegon 'yarta da tandar masa a kan cinya tun daga filin jirgin Kano. 'Yar ta gama karatu ta koma, Iya ta zauna wurin ɗanta Badamasi a unguwar Sentul, kowace Juma'a tana kafa tanda a gaban shagon Alhaji. Kafin masu masallaci su gama gaisawa masar ta ƙare.

Layin yana da al'adarsa. Duk wanda ya ƙirƙiro sabuwar sana'a sai ya fara kai ta bayan shagon Alhaji. A ɗanɗana, a juya, manya su ce masa: wannan ka yi shi a nan, wannan kada ka kuskura ka hau da shi bene, wannan hukumar garin ba ta so. Ba wanda ya taɓa kiran abin doka, amma da shi aka zauna shekara da shekaru tsakanin Malayawa da 'yan China da Indiyawa ba a taɓa jin kan Bahaushe da kowa ba.

Da kulle ya zo, jirage suka tsaya, akwatuna suka daina sauka. Kuka ta ɗan jure, kanwa dama ba ta ƙarewa. Daddawa ce ta fara yankewa. Alhaji ya kakkaɓe robar ƙarshe a tafin wani ɗalibi, shi ke nan. Mutane suka shiga kaɗa miyar kuka da dunƙule kawai, ana ci ana tsaki. Wata ta gwada belacan, wato dakakken jatan lande na Malayawa, miyar ta fito ita ba ta gida ba, ita ba ta nan ba. Manyan malamai masu gemu, in sun haɗu a waya, daga zancen korona sai zancen daddawa.

Zubaidatu ce ta tuna. Tana ƙarama ta ga kakarta, in kalwa ta yi tsada, tana yin daddawa da waken suya. Waken suya kuwa a garin nan kamar yashi yake, kowane kedai, wato kanti, na 'yan China da buhunsa. Ta sayo kaɗan ba ta gaya wa kowa ba. Ta soya shi sama-sama, ta ɓarza, ta bushe ƙaiƙayin a baranda, ta dafa har ya yi luguf. Ta juye a ƙaramin kwando, ta naɗe da tawul, ta ajiye a lungu. Da ta buɗe bayan kwanaki ta ga ya yi yauƙi, warin nan na gida ya bugi hancinta, sai ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya ita kaɗai.

Ta kirɓa, ta mulmula, ta shanya. Ta sa a miyar da ta aika wa ɗalibai ba ta ce komai ba.

Kafin la'asar wayarta ta ɗau zafi. Wani ya ce yana ci yana hawaye. Wata ta ce mijinta ya suɗe kwano har ta ji kunyar yara. Wani ɗan Katsina ya kira ya ce, "Hajiya, don Allah wane jirgi ne ya sauka ba mu ji ba?" Labari ya tsallaka Sentul, ya wuce Titiwangsa, ya kai jami'o'in da ke wajen gari. Aka daina ce mata matar Mika'ilu, aka koma Zubaidatu mai daddawa. Daɗin wannan suna ya fi mata komai.

Iya Daso ta sa Badamasi ya sayo mata ƙulli ɗaya. Ta murza a yatsa, ta shinshina, ta ɗora a harshe. Sannan ta kira Zubaidatu.

"'Yar nan, waken suya ne. Hannunki ya yi kyau, Allah ya yi albarka."

Zubaidatu ta ce amin a daƙile, don ta ji haushi an gano ta.

Iya ta ce a ina take rufe shi. Ta ce a gida. Sai Iya ta gaya mata gaskiya: ɗan kwando ɗaya ba komai, amma daddawa ba abar bene ba ce. Ko a gida can ƙuryar tsakar gida ake kai ta, inda iska ke wucewa. Ta ce bayan shagon Alhaji akwai fili kusa da magudanar ruwa, inda hayaƙin mamak ke fita, ba mai kwana a wurin. Ta kawo a nuna wa manya kamar yadda ake yi, a samu mata biyu su kama mata, ita ce shugaba.

"Iya, ai ɗan kaɗan nake yi," in ji Zubaidatu. "Bai kai a tara jama'a ba."

"Kaɗan ɗin ne ba ya zama kaɗan. Na ga ido ya buɗe."

Da Zubaidatu ta ajiye wayar sai ta ce a ranta, wato yau a kama mini, gobe a ce daddawar layi, jibi a ce daddawar Iya Daso. Ba da ni ba.

Ƙofarta na kallon ƙofar wata Bamalayiya, Makcik Rohana, dattijuwa mai fara'a da mijinta ya rasu. Ita kaɗai ta taɓa jin ƙanshin kwandon farko, ta kuma yi dariya ta ce su ma suna da nasu mai warin, kowace ƙabila da abin da take ɓoye wa baƙo. Takan rataya wa Zubaidatu 'yar leda ta kayan ƙwalama a hannun ƙofa. Ta nemi lambar wayarta ba sau ɗaya ba, ta ce mace ita kaɗai a wannan zamani ya kamata wani ya san lambarta. Zubaidatu takan ce to, sai an jima, ta ja ƙofa.

Ana haka Babbar Salla ta matso, ta shekara ta biyu da zuwan cutar. A lokacin ne korona ta fi zafi a garin. Motocin asibiti ba sa hutawa, kullum sai an ji an tarar da wani ya cika a ɗakinsa ba wanda ya sani. Amma miyar salla miyar salla ce. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar ruwan la'asar: mai son na gida, mai son na sarawa, har wani daga can garin Penang ya ce a aiko masa duk abin da aka samu. Zubaidatu ba ta ce wa kowa a'a ba. Ta sa aka hau mata da buhunan wake, ta sayo bahuna da bokitai da manyan kwanduna. Falon da dama ba wani girma gare shi ba ya koma kamar rumfar 'yan roba.

Washegarin da kayan suka cika, ta tashi da zazzaɓi.

Ta je aka gwada ta, aka ce ita ce. Da yake jikin bai yi tsanani ba, aka ɗaura mata abin hannu ruwan hoda, alamar masu korona, aka ce ta koma gida ta killace kanta, kada ta fita ko nan da ƙofa. Makcik Rohana ta gan ta a bakin lif da abin a hannu, ta dafe ƙirji ta ce Allah ya sawwaƙe, za ta riƙa rataya mata abinci. Zazzaɓin ya sake ta da wuri. Abin da bai sake ta ba shi ne hanci. Ta buɗe man shafawa, shiru. Ta yanka albasa, idonta ya yi ruwa, hancin ko gezau. Ta ƙona turaren wuta har ɗakin ya turnuƙe, kamar ba a kunna komai ba.

Mai hankali a nan zai kwanta ya sha magani ya gode wa Allah. Zubaidatu kuwa ta dubi buhunan ta ce ai wannan killacewa taimako ce: ba mai shigowa, ba mai gani, ba mai tambaya. Ta ɗaura ɗankwali ta hau aiki. Ta soya, ta ɓarza, ta dafa tukunya bayan tukunya, gumi na bin bayanta tana 'yar waƙarta. Ta cika kwanduna, ta cika bahuna, abin da ya saura ta juye a bokitai ta jera har cikin banɗaki. Ta lulluɓe su da barguna da zannuwan gado, har da babbar rigar Mika'ilu ta salla. Daddawa na son ɗumi, don haka ta rufe tagogi, ta kashe fanka. A ranar ji take kamar duk layin a tafin hannunta yake.

Abu ɗaya ya tsaya mata. Na kwando ɗaya ta sani, hanci ke gaya mata ya nuna. Na wannan tarin fa? Ta yi ta juya wayar a hannu, da ƙyar ta kira Iya Daso, ta yi kamar tambayar banza take.

"Iya, in abu ya yi yawa, yaya ake gane ya kai?"

"Da me kike ganewa da?"

"Da hanci."

"To da hancin dai. Me ya samu naki? Na ji muryarki wani iri."

Ta ce mura ce. Iya ba yarinya ba ce. Ta ce mata in hancinta ya ɗauke, ta sauke hannu. Ta ce mai daddawa ba hanci kamar direba ne ba ido. Ta ce abin da ta riga ta rufe ta bari Badamasi ya zo da mota a sauko da shi daga bakin ƙofa yau-yau, ko da zubarwa za a yi, asarar wake ba ta kashe mutum. Ta ƙara da cewa abincin da mai ciwo ta cuɗa da hannunta ba abin sayar wa bayin Allah ba ne.

"Idona ai yana gani, Iya."

"Idonki zai ga yauƙi. Maƙwabtanki ba yauƙi za su gani ba."

Zubaidatu ta ce an gode, ta kashe. Ta kuma sa wayar a shiru, don masu saye sun dame ta da yaushe, yaushe.

Lokacin buɗewa ya yi, ta ɗaga bargo ta duba. Ta ga yauƙi a sama, ta tura cokali ƙasa ta ga kamar da saura. Ta kai hanci har yana taɓa waken, ba ta ji komai ba. Ta ce bari a ƙara masa kwana. Gobe ma ta ce bari a ƙara. Ɗakin ya yi zafi kamar cikin tanda. Ta fara ganin ƙudaje manya-manya masu sheƙi suna bin gilashin taga ta waje, ta ce ikon Allah, har nan sama suke hawowa.

Abin da ba ta sani ba, warin ya daɗe da fita. Ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya cika baranda, ya shiga lif yana hawa da sauka da mutane. Ya bi bututun banɗaki ya leƙa gidajen sama da na ƙasa. Kuma kulle ne, kowa yana gida, ba mai zuwa aiki balle ya huta. Wannan ba warin daddawa ba ne kuma. Wake ne buhu-buhu ya wuce nuna ya shiga ruɓa, a ɗaki rufe, a garin da iskarsa kanta jiƙaƙƙiya ce.

Makcik Rohana ta rataya abinci, ta dawo ta tarar da ledar jiya tana nan. Ta ƙwanƙwasa. Zubaidatu tana ji, amma bahuna sun kai har bakin ƙofa, in ta buɗe an gani, in an gani manaja ya ji. Ta yi lamo. Makcik ta kira sunanta, ta sake kira. Shiru. Ta tsaya ta haɗa abin da ke gabanta: mace ita kaɗai, mai korona, tagogi rufe, abinci ba a ɗauka, ga ƙudaje, ga wannan wari. Ba ta da lambar da za ta kira, sai ta sauka wurin manaja tana kuka.

Manaja ya kira lambar da ke hannunsa, ta Mika'ilu ce ta nan garin, wadda ta mutu tun tafiyarsa. Ya hau da kansa, tun daga lif ya ninka takunkumi biyu. Ya buga ƙofa da ƙarfi. Zubaidatu ta gane muryarsa, ta lallaɓa ta shige ɗaki ta ce in ya gaji zai tafi. Ya tafi kuwa. Ya tafi ya kira hukuma.

Da azahar sai ga jiniya. Motar 'yan sanda, motar asibiti, ga ta 'yan kwana-kwana ja wur. Mutane sanye da fararen kayan nan na leda daga kai har ƙafa suka sauko da gadon ɗaukar gawa. Duk benen ya fito baranda, kai bisa kai, kowa da waya a hannu. Mai gadi ya gaya wa mai mamak, mai mamak ya gaya wa Ɗan'azumi tela cewa wata 'yar Najeriya ta mutu a sama har ta kumbura. Ɗan'azumi ya tambayi lambar gidan, ya yi salati, ya rubuta a dandalin 'yan layi na waya. Kafin ma'aikatan su kai sama, labarin ya riga ya sauka a Gusau. Mika'ilu yana zaune a ƙofar gida wani abokinsa ya kira yana yi masa ta'aziyya. Ya buga wayar matarsa, tana ta shiga ba a ɗauka. Cikin gidansu mata suka fasa kuka.

Alhaji Datti ya rufe shago ya fito da carbi, yana ta lissafin yadda za a karɓo gawar daga hukuma a yi mata sutura. Badamasi ya kwaso Iya Daso daga Sentul. Ita kaɗai ce ba ta yi kuka ba. Tana sauka daga mota ta ɗan janye takunkumi, ta ja iska, ta mayar.

"Alhaji, ajiye carbin nan," ta ce. "Wannan ba mutum ba ne. Wake ne."

Ba wanda ya saurare ta, kuma ba a bar kowa ya hau ba.

A sama an sake bugawa, an yi kira da Malayanci da Turanci. Zubaidatu tana tsaye tsakiyar bahuna da ludayi a hannu, ta rasa gaba ta rasa baya. Tana cikin shawarar ko ta amsa, sai ƙarfe ya shiga tsakanin ƙofa da bango. Ƙofar ta ɓalle. Na gaba, ƙato ne mai ƙirar ƙarfi, ya shigo taku ɗaya ya ja da baya ya dafe bango. Na bayansa ya hango mace tsaye da ɗankwali tana kallonsa, ya saki gadon gawar ya faɗi ƙasa da ƙara.

Aka yi cirko-cirko. Babbansu ya tambaye ta ko lafiya take, ta ce lafiya. Ya ce waye ya mutu a gidan. Ta ce ba kowa. Ya nuna bargunan da ke lulluɓe da tudun abubuwa, ya ce a ɗaga. Aka ɗaga rigar Mika'ilu. Abin da ke ƙarƙashi ya yi baƙi, yana tsatstsafar da ruwa, saman bokiti ɗaya har motsi yake.

"Makan?" in ji mutumin, yana nufin wai abinci ne wannan.

Ta gyaɗa kai.

Makcik Rohana tana daga bakin ƙofarta, fuskarta jage-jage da hawaye. Da ta ga Zubaidatu a raye ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Sannan fuskar ta sauya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kina ciki ina kiran sunanki. Kina jina. Na yi miki Yasin tun safe." Ta shiga gida ta rufe.

Aka sauko da daddawar a baƙaƙen ledoji, a cikin lif ɗin da aka hau da gadon gawa, mutanen bene na kallo. Wasu dariya har da riƙe ciki, wasu zagi. Iya Daso ta samu ta kira wayar, a wannan karon aka ɗauka.

"Sannu da tashi daga matattu. Mun zo wanka, an ce gawar na tsaye da ludayi. Maza kira mijinki, an kusa shimfiɗa tabarmin zaman makoki."

Abin da ya biyo baya ba dariya a cikinsa. Ba maƙwabci ɗaya ne ya kai ƙara ba, hawa uku ne suka kai. Mai gidan bai yi faɗa ba, ya aiko cewa ranar da aka yanke mata abin hannu ta fara haɗa kaya. Ta roƙe shi, Alhaji Datti ya je da kansa ya roƙa, Mika'ilu ya kira daga Gusau ya roƙa. Dattijon ya ce ya faɗa mata tun farko, kuma warin ya shiga katifa da labule da katakon kicin, sai an ɓamɓare. Masu saye kuma da suka ji da korona a jikinta ta cuɗa abin da za ta sayar musu, ko tuwonta suka daina tambaya. Daddawar salla dai an ci ta a Setapak, amma ba tata ba. Iya Daso da wasu mata biyu suka yi ta a bayan shagon Alhaji, kaɗan-kaɗan, a fili.

Iyar ce kuma ta ɗauke ta. Ta shimfiɗa mata katifa a ɗakinta na Sentul, ba ta tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Zubaidatu kuwa har lokacin a ranta gani take an zalunce ta. Takan ce ɗan warin daddawa ne fa, mutanen garin nan raki gare su, da a gida ne ba wanda zai ko waiwaya.

Wata safiya Iya na dafa shayi da citta, sai Zubaidatu ta ɗaga kai daga kan sallaya.

"Iya, citta kika sa?"

"Hancin ya dawo ke nan. Alhamdu lillahi. To tashi ki buɗe akwatinki ki ɗauko zane mai kyau."

Akwatin tun ranar tashi yake rufe a baranda, Iya ce ta hana a shigo da shi ba ta faɗi dalili ba. Zubaidatu ta ja zif, ta ɗaga murfi, warin ruɓaɓɓen waken ya bugi hancinta. Ba ta san lokacin da ta kai banɗaki ba. Ta daɗe a ciki. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta jingina da bango, muryarta can ƙasa.

"Haka yake?"

"Wannan ai ya kwana biyu yana shan iska," in ji Iya. "Na ranar ya fi haka."

Zubaidatu ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da tafukanta. Iya ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta turo mata baho da ƙafa, ta ɗora sabulu a kai, ta ce rana na yi, kafin hadari ya haɗo.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Sana'a ba a ɗaki rufe take rayuwa ba, a cikin mutane take, kuma duk abin da ka dafa maƙwabcinka sai ya shaƙa ko bai ci ba. Wanda ya riga ka a kasuwa, in ya ce kada ka yi abu a nan, ba sunanka yake nema ba, ya ga abin da ba ka gani ba ne. Mutum yakan rasa jin warin aikinsa ko ba ciwo, don haka yake buƙatar hancin wani. Ku nuna sana'arku ga manya kafin ta girma, ku ba maƙwabci lambarku, in an ƙwanƙwasa ku amsa. Zubaidatu ta ƙi a kama mata don kada a raba suna da ita, sai ta rasa sunan, ta rasa gidan, ta kuma sa dattijuwar da ke ƙaunarta ta yi mata kukan mutuwa tana raye. Allah ya raba mu da girman kan da ke hana tambaya.